Ranar Da Na Riƙe Wa 'Yata Madubi

A shekarun da Turawa ke dab da barin ƙasar nan, ni matar aure ce a cikin garin Bebeji, da ƙarfina da lafiyata. Ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, mijina kuma tela ne, yana da keken ɗinki a bakin kasuwa, yakan shiga Kano sarin yadi. An san ni da kunya a unguwarmu. Idan ana yi wa sabuwar amarya faɗa, da ni ake ba ta misali, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin hakan a raina. Yau na tsufa, mai gidan ya riga ni, Allah ya jiƙansa. Ban iya rubutu ba, na boko ko na ajami. Matar ɗana ce take karanta mini mujallarku, ita ce kuma na zaunar take rubuta wannan. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta ƙara ko kalma ɗaya tata.

Haihuwata ta fari mace ce. Yaran yanzu ba za su gane yadda muke yi da ɗan fari a zamaninmu ba. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. Ko nono zan ba ta sai na shige ƙuryar ɗaki. Da aka yaye ta, uwar mijina ta ɗauke ta ta riƙe. Gida ɗaya muke, zana ce kawai tsakanin sashena da na tsohuwa, amma yarinyar ta tashi tana kiran kakarta Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannen mijina suna kirana. In zan yi maganarta sai in ce 'yar tsohuwa. In ta shigo ɗakina da saƙo, ina amsawa ne idona a kan tukunya ko a kan auduga, har ta fita. Kada wani ya ɗauka ba na son ta. Ƙuli-ƙulin da ya fi soyuwa nakan ware shi in aika wa tsohuwa, na kuwa san tsohuwa ba ta da haƙoran cin sa. Iyakar hanyar da nake da ita ke nan.

Da ta isa aure, wani saurayi mutumin Kiru ya fito. Yana sarin hatsi da busasshen kayan miya yana kai wa masu haƙar kuza can cikin duwatsun bayan Doguwa, a can kuma ya yi gida. Yana son ta, tana son sa, babu wanda ya yi wa wani dole. Aka sa rana bayan kaka. Abin da ya dami kowa shi ne nisa, domin a lokacin mota iyakarta Tudun Wada, in ma an same ta, daga nan sai jaki ko ƙafa cikin daji da rafuka.

Mijina ya taɓa ganin hoton ango da amarya a rataye a rumfar wani mai yadi a Kano, abin ya zauna masa a rai. Ya ce shi ma sai an ɗauki 'yarsa. Ba a taɓa yi wa wata amarya haka a unguwarmu ba. Tsohuwa ta ce ita ta ji an ce akwatin ɗaukar hoton nan yana zuƙe jinin mutum, ya yi dariya ya ce ai shi an ɗauke shi a birni, ga shi nan jininsa ya ishe shi har yana kai wa sauro sadaka. Daga baya ya sassauta murya ya ce tunda yarinya za ta yi nisa, a bar mana fuskarta a gida. Yana faɗar haka yana duban wajen da nake tsince shinkafa. Ban ɗago ba, amma na gane da ni yake. Na yi ta murna ni kaɗai, ina cewa a raina hoto dai takarda ce, zan rufe ƙofa in dube ta har in gaji, babu mai ce mini marar kunya.

Ranar ɗaurin aure mai hoton ya sauka daga akori-kura da hantsi. Bayarabe ne mazaunin Kano, Hausa a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Ya zo da akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Ya ce a fito masa da amarya inuwar bangon ƙofar gida, nan ne haske ya fi kyau, ba rana tsaka ba, ba duhu ba. Dattijai suka ce ba a tsayar da amarya a bakin hanya ranar aurenta. Ya ce to a bar shi ya shiga tsakar gida, suka ce baƙon namiji ba ya wuce soro. Aka yi ta ja, a ƙarshe aka tsaya a kan soron ciki, wanda ke tsakanin zaure da wurin mata. Soron nan ba shi da taga, ko da rana tsaka in ka shiga sai idonka ya saba. Wani ya ce a kunna fitilu. Mai hoton ya ce hasken fitilar ƙwai mutum ne yake gani da shi, akwatinsa ba ya gani. Ya ce yana da wata hoda da ake kunnawa ta yi walƙiya, amma da ya ɗaga kai ya ga zana a kan azara, ga buhunan auduga a jingine, ya ce ba zai zo biki ya bar gobara ba.

Sai ya tambayi mijina ko rana tana faɗowa tsakar gida kusa da ƙofar soron. Mijina ya ce tana faɗowa bayan azahar, tsakanin rumbu da katanga, amma ba ta daɗewa rumbun yake tare ta. Mai hoton ya ce wannan ta ishe shi. Ya sa aka kawo farin alawayyo daga cikin yadin mijina, aka kafe shi a bangon soro gefen inda amarya za ta zauna. Ya ce a nemo babban madubi. Wani zai tsaya a tsakar gida ya tari rana da madubin ya jefa ta cikin soro. Ba a fuskar amarya za a jefa ba, in aka yi haka za ta runtse ido, goshinta ya yi fari fat. A kan farin yadin za a jefa, shi kuma yadin ya mayar mata da hasken a hankali. Tunda mai riƙe madubin a wurin mata zai tsaya, dole mace ce.

Babban madubi ɗaya ne a gidan, nawa ne, tun na aurena. 'Yan mata suka yi ta rige-rigen karɓa, na hana. Na ce hannunsu rawa yake yi, za su fasa mini. Ƙanwar mijina ta ce in kawo ita ta riƙe, na ce ita da ta fasa mini tulu biyu a damina ɗaya. Aka yi dariya, na ɗauki madubina na fita. Kowa ya ɗauka rowa ce. Ni na san ban damu da madubin ba. Wannan ce kaɗai hujjar da zan tsaya a gaban 'yata ranar aurenta, don a al'ada uwa tana ɗaki ne a ranar, kamar ba ita ta haifa ba.

Aka shigo da ita aka zaunar a kan kujera 'yar tsuguno, babbar ƙawarta a tsaye a gefenta, aka jera mata tasoshi da kwanuka a ƙasa. Tana sanye da zanen saƙi, hannu da ƙafa lalle ya kama. Mai hoton ya roƙa a ɗan ja mayafin baya, tsohuwa ta zo da kanta ta ja. Yana can ƙofar zaure kansa cikin baƙin ƙyalle, yana faɗa wa mijina, mijina yana miƙo mini maganar. Ya ce in ɗaga, na ɗaga. Ya ce in karkata dama, hasken ya hau rufi, ya dawo ƙasa, ya faɗa kan yadin. Sai ya ce in daina kallon madubi, in daina kallon yadin, fuskar amarya zan duba. In na ga inuwar ƙarƙashin mayafi ta tashi, na ga ɗan ɗigon haske a cikin idanunta duka biyu, to nan zan tsaya, kada in motsa sai ya ce an gama. Ya ce shi da zarar ya sa gilashin hoton a akwati ba ya ƙara gani ta ciki, amanar hasken tana hannuna.

Na duba. Rabona da in tsayar da ido a fuskarta tun tana cikin tsumma. Hasken ya taso mata daga gefe, ya bi kumatunta, ya shiga idanun, na ga ɗigon da ya faɗa. Ita ma ba akwatin take kallo ba, ni take kallo. Ban san idona ya kawo ruwa ba.

Matan biki sun taru a bayana suna leƙe. Ƙanwar mijina, wadda tsakanina da ita wasa ne tun zuwana gidan, ta ɗaga murya ta ce jama'a su zo su ga abin da ba a taɓa gani ba, yau Yaya ta zuba wa 'yar fari ido kamar mai zaɓen zane a kasuwa. Wata tsohuwa ta karɓe ta ce ashe kunyar da ake ba yara misali da ita ta aro ce, yau mai ita ya zo ya karɓi abarsa. Wata ta ce a kawo mini kujera in zauna in ƙoshi. Aka kwashe da dariya, har da guɗa. Babu mugunta a ciki, irin wasan da ake yi a kowane biki ne, ni ma na yi wa wasu. Amma ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na kawar da kaina gefe, na dubi rumbu. Hannuna na nan riƙe da madubin, a zatona bai motsa ba. A daidai lokacin mai hoton ya cire murfin idon akwatinsa yana ƙirga, ya mayar.

Ya ce wa mijina haske ya goce, a sake, yana da sauran gilashi ɗaya. Mijina ya ce in gyara tsayuwa. Ni kuwa na riga na juya. Na rungume madubin na shige ɗakina na turo ƙyaure. Ƙanwar mijina ta biyo ni tana dariya tana cewa in ba zan riƙe ba in miƙo ta riƙe. Na ƙi buɗewa. Tsohuwa ta aiko, na ce kaina ke ciwo. Ina jin mijina yana kirana da sunan da ba ya kirana da shi a gaban mutane. Ina tsoron in fito su ga idona. Kafin in share fuska in buɗe ƙofa in miƙa madubin, rana ta faɗa bayan rumbu. Aka gwada da faranti daga wani gefen, hasken bai kai soro ba. Mai hoton ya naɗe ƙyallensa, don motar da za ta mai da shi ba ta jira. Mijina bai yi mini faɗa ba. Ya ce ba komai, wataƙila na farkon ya fito, in ma bai fito ba ai za ta zo goyon ciki, sai a kira mutumin ya ɗauke ta da jariri a hannu. Da yamma aka kawo ta ɗakina sallama, a lulluɓe tana kuka. Na ce ta yi haƙuri, ta bi mijinta, Allah ya ba da zaman lafiya. Na faɗa ina kallon tabarma.

Bayan 'yan makonni mijina ya dawo daga Kano da hoton a cikin aljihun rigarsa. Bai nuna wa kowa ba sai da ya shigo ɗakina. Tasoshi sun fito suna ƙyalli. Saƙin zanenta ya fito har ana ganin zare. Hannayenta suna kan gwiwa, lallen ya fito baƙi sosai. Ƙawarta ta fito tas, har ɗan murmushin da take ɓoyewa, domin a kanta hasken ya koma da na juya. Inda fuskar 'yata take kuwa duhu ne a ƙarƙashin mayafi, sai ɗan gefen haɓa. Na ce ai ya yi kyau. Na sa shi a ƙasan adudu.

Da bazara aka aiko tana da ciki. Na fara tara itacen wankan jego, na sayi kanwa, na sa aka yaɓe ɗakin da za ta zauna. A al'ada haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, kuma a wankan jego babu mai hana uwa kula da 'yarta. Aka shirya mijinta zai kawo ta in cikin ya tsufa. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, rafukan hanyar suka cika suka hana jaki wucewa. Suka ce su jira ruwa ya ja. Naƙuda ta zo mata kafin lokaci, a can, babu nata ko ɗaya a kusa sai maƙwabta. Ba ta tashi ba, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Sai da aka yi kwanaki da binne ta mijinta ya iso da ƙafa, kayansa jiƙe, ya durƙusa a zaure. Ko a ranar, mata suna shigowa gaisuwa, tsohuwa ake yi wa ta'aziyya. Ni ina kawo ruwa ina shimfiɗa tabarma.

Bayan an yi arba'in mijina ya ɗauki hoton ya koma wa mai shi, ya roƙe shi ya fito da fuskar ko yaya. Mutumin ya ce abin da haske bai rubuta ba, babu ruwan wankin da zai fito da shi. Amma ya ce yakan gyara hoto da fensir, in an kwatanta masa fuskar zai zana ta a wurin. Da ya ji abin da ya faru, ya biyo mijina har Bebeji. Ya zauna a soron nan dai, ni ina bayan ƙofa. Ya ce uwa ta fara. Ya tambaye ni idanunta manya ne ko ƙanana, girarta a haɗe take ko a rabe, hancinta yaya yake, leɓenta na sama ya fi na ƙasa kauri ko kuwa. Ko ɗaya ban sani ba. Na san takunta. Na san tarinta. Ko ina ɗaki na san saukar taɓaryarta a turmi daban da ta kowa. Na san ƙeyarta da dugaduganta da yadda take ɗaura zane ta hagu, domin kullum sai ta juya baya nake ɗago kai. Fuskar da na gani ranar biki kuwa, hasken nake tunawa da ɗigon nan na ido, sauran ya ƙi tsaya mini. Na ce masa a tambayi kakarta.

Tsohuwa ta ce kamarta ɗaya da ita tana budurwa, wanda babu mai shaida. Mijina ya ce doguwar fuska gare ta, ƙanwarsa ta ce a'a, zagayayya ce, shi dai ya saba ganin ta da kallabi. Suka yi ta gardama a kan wushirya, ko a sama take ko a ƙasa. Mutumin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya aiko da wani hoton mai fuska. Kyakkyawar yarinya ce, amma ban san ta ba. Mijina ya sa shi a gilashi ya rataye a rumfarsa, har ya rasu yana cewa ya yi kama. Ina jin don ni yake faɗa. Ni na riƙe na farkon, mai duhun, domin hannayen da ke cikinsa nata ne.

Ƙanwar mijina ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce bakinta ne ya jawo. Na ce mata ita wasa ta yi, ni ce na ɗauki dariyar mata ta fi mini 'yata nauyi. Ban riƙe ta ba, mun zauna lafiya har ta rasu. Ƙawar amarya kuwa ta yi aure a Kiru, ta hayayyafa. Duk sanda ta zo gaishe ni sai ta ce in ciro mata hoton ta ga ƙuruciyarta, in ciro, ta yi ta dariyar ɗaurin kallabinta, daga baya ta tuna ta miƙo mini shi.

Na san kwananta ne ya ƙare, hoto ba ya tsawaita rai, kuma ban yi jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Ba na kuma cewa kunya mugun abu ce, da ita aka raine mu, ta tsare mu daga abubuwa da yawa. Abin da na gane a makare shi ne, wadda na yi a ranar nan ba don Allah na yi ta ba, don bakin mutane na yi. Matan da suka yi dariya kafin la'asar sun manta, sun koma rabon tuwo. Ni ce na kwashe sauran rayuwata da abin. Ina jan kunnen masu wasa a wajen biki, ku duba fuskar wanda kuke tsokana kafin ku ƙara ta biyu. Wanda kuma aka ba shi riƙon wani abu a ranar da ba ta dawowa, in mai aikin ya ce a sake, ya haɗiye fushinsa ya tsaya a sake. Ku kuma iyaye mata, har yanzu ina ganin masu sunkuyar da kai in ɗan fari ya shigo. Ku ɗago ku dube shi. Ku san inda wushiryarsa take.

Wanda ya karanta wannan ya yi wa 'yata addu'a, ba sai ya san sunanta ba, ni ma ban taɓa faɗarsa da ƙarfi ba. Ni kuma a roƙa mini Allah ya haɗa mu a inda babu rabuwa. In ya haɗa mu, ya sa ita ta fara gane ni ta taso, don ina tsoron ta wuce ta gabana ban san ita ce ba.